Tagar Lamba Shida

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ma an zo ganin gida. Ina dawowa daga makaranta na tarar da Baba La'ada a bakin ƙofa da wasu mata biyu, yana fifita da hularsa. Dillalinmu ne. Umma ta hana ni kiransa da wannan laƙabin, shi ya sa sai a nan kawai nake yi. "Yauwa, ga Hajiya ƙarama, mukulli na hannunta." Na shige gaba suna bina suna haki. Tun a hawa na biyu babbar ta dafa bango ta ce, "Wannan ai sai mai sauran gwiwa."

Ba su kama ba. Alhamdu lillahi. Astagfirullah.

Bari in rubuta yadda muke, ko don in na tsufa in karanta in yarda an yi haka. Gidan sashe shida ne, hawa uku, biyu-biyu. Baba ne ya fara ginin, ya rasu bai kai rabi ba. Umma ta kai takardun gida banki jingina, aka ba ta rance ta ƙarasa. Tun daga nan ba mu da namu sashen. Duk wanda ba kowa a ciki, nan muke kwana, in an kama mu naɗe katifa mu koma wani. Na zauna a lamba ɗaya, na zauna a uku, na zauna a biyar. Umma ta ce wanda banki ke bi ba ya zaɓen ɗaki.

Kuma akwai doka. Ba a buga ƙusa, ba a manna komai a bango, ba a soya abu mai ƙauri. Kafin mu fita da safe katifa ta shige durowa, tukwane su shige kwali, don wanda ya zo dubawa ya ga kamar ba wanda ya taɓa numfashi a ciki.

Yanzu muna lamba shida, can sama. Shi kaɗai ya rage. In aka kama shi gida ya cika, mu kuma sai sito na ƙarƙashin matakala. Umma tana kiran wannan ranar "ranar da za mu huta".

Laraba, 3 ga Satumba

Tagar ƙaramin ɗaki tana da dakali mai faɗi. In na naɗe ƙafa ina shiga daidai, sai ka ce an auna ni aka yi shi. Daga nan ana ganin rufin gidaje har inda ido ya gaji, da tankunan ruwa, da tattabarun wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba, hannunsa kawai in yana watsa musu hatsi. Na riga na yi masa fuska. Dogo ne, ba ya son magana, akwai abin da ya taɓa faruwa da shi wanda bai gaya wa kowa ba.

Na karɓo sabon littafi wurin mai hayar littattafai. Ni ma dai 'yar haya ce a wani wurin. Yarinyar ciki tana da ɗakinta ita kaɗai har da madubi mai tsawonta, amma tun shafin farko kuka take yi. Ni da za a bar min ƙusa ɗaya in rataye jakata, wallahi da sai an kai shafi na ɗari kafin in yi kuka.

Asabar, 6 ga Satumba

'Yan matan lamba ɗaya suna zaune a matakala suna tsifar kai suna dariya. Ya da ƙanwa ne, babbar sa'ata ce. Na daɗe a sama ina shirya abin da zan ce in na sauko. Na zaɓi "Sannunku da hutawa". Ina saukowa suka yi tsit, suka janye ƙafa na wuce. Gaisuwar da na shirya na tafi da abata. Na kai ƙofa na ji ƙaramar tana cewa, "Ki rage murya, 'yar masu gida ce, kar a ƙara mana kuɗin haya." Suka fashe da dariya.

'Yar masu gida. A ɗakin da suke kwana na yi ƙyanda.

Talata, 9 ga Satumba

Wani abu ya faru. Ina cikin wanke kofuna Baba La'ada ya kwaɗa sallama daga ƙasa, na yi sauri, roba ta kuɓuce min ruwa ya watsu a bangon da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke. Na goge ƙasa, bangon kuwa ban samu dama ba.

Wani mutum ne mai tabarau da matarsa. Komai ya yi musu, har matar ta fara cewa ga inda kujeru za su zauna. Sai mutumin ya durƙusa a kicin ya buɗe 'yar ƙofar ƙasan kwami, ya shafa bango, ya shinshina yatsunsa. "Danshi," ya ce. Kalma ɗaya. Baba La'ada ya yi rantsuwa har da kabarin kakansa cewa bangon nan ya fi maƙogwaronsa bushewa. Ba su ko tsaya jin ƙarshen rantsuwar ba.

Mutumin ya dube ni kafin ya fita, kamar yana jira in ce wani abu. Na sunkuyar da kai. Ai kowa ya san ba na magana.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kofi ɗaya ne kawai na zuba wa bangon. Kuma ban yi wa kowa ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 15 ga Satumba

Umma ta dawo daga kantin magani ƙafarta a kumbure, yini take a tsaye. Na kawo mata ruwan ɗumi ta tsoma. Tana danne-danne a waya tana motsa baki, na san lissafi ne. Hayar sashe biyar gaba ɗaya banki take tafiya, kuma ba ta isa, sai ta cika da albashinta. Ta ce da shida ya shiga, da albashin namu ne.

"Ke 'yar nan, in sun zo kina yi musu fara'a kuwa?"

Na ce ina yi.

"Ki riƙa buɗe musu tagogi su ji iska. Iskar nan ita ce jarinmu, ba mu da abin sayarwa a sama sai ita. Na rasa me ke korar mutane. Ko baki ne?"

Na ce wataƙila matakala ce. Ta yi ajiyar zuciya ta ce in ƙara mata ruwan zafi.

Sau uku aka zo cikin kwanakin nan. Na koma roba, kofi yana saurin bushewa.

Asabar, 20 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Wani saurayi ne ya zo, shi kaɗai, Baba La'ada ya tsaya a ƙasa yana waya. Malamin makaranta ne, akwai alli a hannun rigarsa. Zai yi aure wata mai zuwa. Ba irin na littafi ba ne, gajere ne, takalminsa an sha ɗinke shi, kuma yana in'ina kaɗan. Amma da ya ce "ita", wallahi muryarsa sai ta canza, kamar wanda ya ɗauki ƙwai a cokali. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya rubuta wannan.

Bai zo da abin awo ba, da hannu yake auna tagogi, yana ƙirga taƙi yana rubutawa a tafinsa. "Ƙanwata, rana ta ina take shigowa?" Na nuna da yatsa. "Ruwa yana hawowa kullum?" Na gyaɗa kai. Ya yi dariya ya ce, "Ke ma irin tawa ce, sai an biya ki kike magana."

Sai ya shiga ƙaramin ɗaki. Ya ga dakalin. Ya zauna, a wurina, ya naɗe ƙafa yadda nake yi, ya daɗe yana kallon waje. "Nan za ta riƙa zama," ya ce. "Tana son karatu. In ta samu littafi ko gobara ake ba ta ji."

Ban san me ya shige ni ba. Na riga na zuba tun da safe, amma na ji tsoron ya bushe. Na bar shi a nan na lallaɓa kicin na ƙara roba guda. Kuma ni da bakina, ni da ba na magana, na ce, "Ba ka duba kicin ba."

Ya durƙusa ya shafa. Bai yi faɗa ba, bai ce an so a cuce shi ba. Ya daɗe a durƙushe. Sai ya ce, "Tana da ciwon ƙirji. Danshi ba ya yi mata, ko kaɗan." Ya goge tafinsa a wando, duk awon da ya rubuta ya dame. "Na gode da kika nuna min, ƙanwata. Wani da ɓoyewa zai yi. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin. Me zan ce?

Lahadi, 21 ga Satumba

Na hau dakalin na kasa zama. Na buɗe littafi, sai na ga ni ce muguwar da ke ciki, wadda take laɓewa bayan labule. Kullum ina ɗauka ni ce ɗayar.

Na daina. Daga yau na daina.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na daina ɗin, amma bangon bai daina ba. Fentin ya kumbura ya yi bororo, in ka taɓa sai ya fashe. Wani baƙin abu ya fara fitowa a lungu, ga wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Na tura kwalin tukwane na tare wurin don kar Umma ta gani.

Wasu sun zo yau, ko durƙusawa ba su yi ba, hancinsu ya gaya musu.

Mai tattabaru ya fito sarai yau na gan shi. Tsoho ne mai tumbi, da singileti.

Talata, 30 ga Satumba

Anti Nas ta lamba huɗu ta hawo. Sashenta ne a ƙarƙashinmu. Ita kaɗai ce a gidan nan take tsayawa ta tambaye ni makaranta, wani lokacin har ta miƙo min alewa daga aljihun farar rigarta kamar ni ƙaramar yarinya ce, ni kuma ina karɓa. Yau ba alewa.

"Hajiya, ki zo ki ga silin ɗin kicin ɗina. Taswira ce ta fito, kullum ƙara ƙasashe take." Ta faɗa da wasa, amma ta ƙara da cewa in ba a gyara ba ita ba za ta sabunta haya ba, don ba za ta yi jinyar mutane a asibiti ta dawo ta yi jinyar bango ba.

Umma ta sauka ta gani. Ta hawo ta janye kwalin. Ta dafe kai ta zauna a ƙasa, a tayil, da kayan aikinta.

"Bututu ne ya fashe a cikin bango. Shi ke nan. Ashe abin da ke korar su ke nan, ni ina ta zargin baki." Ta dube ni. "Ke ba ki lura ba?"

Na ce ban lura ba.

Wannan ita ce ƙaryar farko da na yi da baki ƙiri-ƙiri. Ta fi sauran nauyi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Umma ta nemi izini a wurin aiki, mai gyaran famfo ya zo da guduma. Sai da ta ba shi rabin kuɗinsa kafin ya fara, har da na sabon bututu da siminti. Na ga daga ambulan ɗin da ta ciro, wanda take ware wa banki ne.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Duk bugu ɗaya a ƙirjina yake sauka. Na ce bari ya sake bugu ɗaya sai in faɗa. Ya sake. Na ce to bayan wannan. Haka har ya cire tayil ɗin gaba ɗaya, ya buɗe bango tun daga kwami har ƙasa.

Ya bi bututun da hannu, ya kunna famfo, ya kashe, ya kara kunne. Ya kawo takarda ya naɗa masa ya cire, a bushe.

"Hajiya, an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ni dai ban ga yoyo ba. Cikin bangon ya fi wajensa bushewa. Wannan bangon shayar da shi ake yi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ko kuna da aljani mai alwala a nan?"

Umma ba ta yi dariya ba. Ba ta ko juyo ba. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce, "Ka mayar min da shi yadda yake. Zan cika maka."

Da ya tafi na ɗauki tsintsiya, ta karɓe daga hannuna, ba da ƙarfi ba. Ta share fasassun tayil ita kaɗai, ta kwashe, ta sauka da su, ta hawo. Sannan ta ce, "Kin ci abinci?"

Da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Umma ta tashi ta tafi aiki kamar kullum. Katifa ɗaya muke kwana, amma tsakaninmu mota za ta wuce.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ana tashi na ga Umma a ƙofar makaranta. Ba ta taɓa zuwa ba. "Zo ki raka ni," kawai ta ce.

Banki muka je. Ban taɓa shiga ba, sanyin ciki har ƙashi. Muka daɗe a kan kujerun ƙarfe kafin aka kira mu wurin wani yaro mai lakataye, wallahi bai fi ƙanin Umma na uku ba. Umma da 'yan haya ke gyara tsayuwa in sun ji takunta, Umma da Baba La'ada ke cire hula in zai yi mata magana, sai ga ta a gefen kujera, rabin zama, jaka a ƙirji, tana ce masa "ranka ya daɗe".

Ta ce gyara ne ya taso, biyan watan nan ba zai cika ba, a ɗaga mata ƙafa. Yana jinta yana kallon kwamfuta. "Mama, ni ba ni da ta cewa, na'ura ce ke sa tara, ba ta san gyara ba." Ya ce wannan ne karo na biyu a bana, in aka yi na uku fayil ɗin zai bar teburinsa ya hau sama, su kuma na sama takardun gida suke dubawa, ba fuska ba. Sai ya yi wani barkwanci, wai masu gidajen haya da kukan talauci kamar jariri da kukan yunwa. Umma ta yi dariya. Ban taɓa jin wannan dariyar a bakinta ba. Na kalli takalmina har muka fito.

A ƙafa muka dawo. Wajen gada ta tsaya ta gyara takalmi, ba ta dube ni ba ta ce:

"Kin zaci ni ba na son sama?"

Ta miƙe ta ci gaba da tafiya, na bi ta.

"A zanen babanki, lamba shida namu ne. Shi ya ce a faɗaɗa dakalin tagar nan, wai 'yarsa za ta riƙa zama tana ganin gari. Kina goye lokacin. Magini ya ce ɓarnar siminti ce, na ce a yi shi yadda ya zana."

Na ce, "To Umma yaushe zai zama namu?"

"In mun gama biya."

"Yaushe ke nan?"

Ta ɗan yi lissafi da baki. "Lokacin kina ɗakin mijinki."

A nan kukan ya zo, a tsakiyar titi, ba irin na littafi mai gangarowa a hankali ba, mai majina. Na ce Umma ni ce. Ta ce, "Na sani. Share fuskarki, mutane na kallo." Ta miƙo min gefen mayafinta. Da za mu tsallaka titi ta riƙe hannuna, ba ta saki ba har ƙofar gida.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bango ya bushe. Ni na kankare, ni na shafa fenti, hannu biyu. Na sauka na yi na silin ɗin Anti Nas, tana riƙe min kujera tana cewa in na faɗo dai ga nas a kusa. Ban san ko ta sani ba. Ta ba ni alewa biyu.

Baba La'ada ya zo duba aikin. Na yi ta juya maganar a baki kafin na ce, "Baba, malamin nan mai aure fa? A kira shi mana, an gyara."

"Au, ashe kina magana! Wane malami? Oh, gajeren nan. Ai tuni ya kama wani a bayan tasha. Ɗaki biyu a ƙasa, tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Na ce masa wurin ba iska, ya ce lokaci ya ƙure masa, an sa rana."

Na koma ciki na wanke buroshi. Na daɗe ina wankewa.

Laraba, 22 ga Oktoba

An kama.

Wani mai sayar da kayan mota ne da matarsa da yara uku. Yaran tun a matakala suke tsere. Kafin su hawo na buɗe duk tagogi. Na gaishe su da ƙarfi har ni kaina na tsorata. Na ce ruwa yana hawowa kullum, ya fi ƙarfi da safe. Na ce sauro ba ya kaiwa nan. Na ce in an yi zafi a bar ƙofar kicin da tagar falo a buɗe, iska za ta ratsa kamar an kunna fanka. Na buɗe ƙasan kwami da kaina na ce an fasa nan an duba, bututu lafiya lau, ga sabon fenti. Baba La'ada ya saki baki yana kallona, ya ce, "Hajiya ƙarama, ki bar min sana'ata, ina da iyali."

Matar ta leƙa ƙaramin ɗaki ta ga dakalin. Ta buga shi da tafin hannu ta ce, "Kai, wannan ya yi. Baban yara, nan za mu jera takalma."

Mijin ya biya na shekara. Umma ta sa hannu. Da suka tafi ta zauna a ƙasa ta ce alhamdu lillahi ta fi sau nawa. Sannan ta aike ni in sayo ƙwai, ta soya da albasa, ta bar ƙaurin ya cika gidan. Ta ce yau dai doka ta huta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun sauko. Kayanmu duka sawu huɗu.

Sito ya fi yadda nake zato tsawo, amma rufinsa a karkace yake saboda matakala, ta wajen ƙafa sai an sunkuya. Ba taga, sai wasu ramuka uku a saman ƙofa. Duk wanda ya hau ko ya sauka, a kanmu yake takawa. Na riga na fara gane su: Anti Nas ɗas-ɗas, mai kayan mota kamar ana sauke buhu, yaransa kamar ruwan ƙanƙara.

Umma ta miƙo min guduma da ƙusoshi a takarda. "Nan ba mai zuwa dubawa. Buga inda kike so."

Na buga ɗaya na rataye jaka. Sauran ban san me zan rataya ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Babbar 'yar lamba ɗaya ta gan ni ina fitowa daga sito da bokiti. Ta tsaya. "Nan kuke?" Na ce eh. Ta ce, "Sannu." Na ce, "Yauwa."

Shi ke nan. Amma dai ta ce.

Littafin mai haya ya kwana biyu a ƙarƙashin filo, hasken nan ba ya isa karatu. Gobe zan mayar.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Mai lamba biyu ya tare ni da na dawo daga makaranta, Umma ba ta nan. An yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata mai zuwa zai tashi, in gaya wa Hajiya.

Na tambaye shi ranar da zai ba da mukulli, na ce in ba damuwa zan shigo Asabar in duba fenti da famfo, don in da gyara a yi tun yana ciki, kar sashen ya kwana ko ɗaya ba kowa. Ya ce, "To, Hajiya." Ba ƙarama, Hajiya kawai. Na ari wayar Anti Nas na kira Baba La'ada na ce ya fara nema tun yau, kuma ban da masu cewa za su biya rabi. Na yanko kwali na rubuta AKWAI SASHEN HAYA da manyan baƙaƙe, na maimaita kowane harafi don a hango daga titi, na ɗaura a ƙofar gida.

Sai da na dawo na zauna a kan katifa, kaina a sunkuye saboda rufin, sannan na tuna lamba biyu ɗaki biyu ne da falo, kuma in ya zauna ba kowa, mu ne a ciki. Tagarsa ma ba laifi, tana kallon bishiyar maƙwabta.

Na ɗan zauna ina tunanin bishiyar.

Kwalin dai yana nan inda na ɗaura shi. Ba wani abu ba ne, igiyar ce na ƙulle da yawa, kwancewa sai da wuƙa. Umma ta kusa dawowa, bari in ɗora ruwan ɗumi.